Ingilishi a bakin ɗan Maruwa: abubuwan mamaki kafin jarrabawa

Da zarar zafin Afrilu ya kankama a Maruwa da Garwa, 'yan ajin ƙarshe na firamare sun san lokaci ya ƙarato. Masu karatu a ɓangaren Faransanci, wato 'yan CM2, suna da jarrabawar CEP da ta shiga sakandare a gabansu. 'Yan aji shida na ɓangaren Ingilishi kuma suna da FSLC da Common Entrance. Tsakanin Mayu da Yuni ake yin su duka, kuma kowane ɓangare sai ya taɓa harshen ɗan'uwansa, don haka ɗan CM2 ba shi da hanyar kauce wa nahawun Ingilishi. Ga wasu abubuwa game da wannan harshe da malami ba ya cika samun sukunin faɗa a aji mai cunkoso. Wasu don nishaɗi ne kawai, wasu kuwa maki ne a kwance.

Da tarihi ya bi wata hanya, da Jamusanci yaran nan suke haddacewa. Jamusawa sun ci Garwa a 1901, suka ci Maruwa a farkon 1902. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, sansaninsu na ƙarshe a duk Kamaru shi ne na kan dutsen Mora, arewa da Maruwa, inda Kyaftin von Raben ya toge tun 1914, bai miƙa wuya ba sai a Fabrairun 1916. Faransa da Ingila suka raba ƙasar, Faransa ta kwashi wajen kashi huɗu cikin biyar. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, arewacin rabon Ingila, su Mubi da Gwoza da Bama da Dikwa, ya zaɓi Najeriya, kudancin ya zaɓi Kamaru. Kudancin nan ne ya shigar da Ingilishi cikin harsunan hukuma. Ke nan Ingilishin da ake koyarwa a Maruwa ta Buya da Bamenda ya zagayo, alhali ga shi nan a maƙwabta. Gada ɗaya ce tsakanin Fotokol ta Kamaru da Gamboru ta Najeriya: yaron wannan gefe yana karatu da Faransanci, ɗan ƙanin babansa a wancan gefe yana yi da Ingilishi.

Kundin tsarin mulki na 1996 ya ba harsunan biyu daraja ɗaya, dokar ilimi ta 1998 kuma ta tabbatar da tsarin makarantu biyu a ƙasa ɗaya. Yankuna takwas cikin goma na Faransanci ne. Duk da haka Kamaru ta shiga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a 1995, tana kuma cikin ta masu magana da Faransanci.

Yaron Bahaushe a unguwar Domayo ko Kakatare ta Maruwa yana Hausa a gida, Fulatanci a kasuwa da wajen wasa, Larabci a makarantar allo, Faransanci a aji. Ingilishi shi ne na biyar. Wani ma ya zo da Mafa ko Giziga ko Tupuri ko Barbarci daga gida. Wanda ke ɗauke da wannan kaya bai cancanci a kira shi daƙiƙi ba don ya manta harafi ɗaya a ƙarshen aikatau.

Ingilishi ma ya taɓa zama ɗan renon Faransanci

A ranar 14 ga Oktoba 1066 William na Normandi, daga arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a Hastings. Har kusan shekara 300 bayan nan, fada da kotu da masu hannu da shuni Faransanci suke yi, Ingilishi ya koma na talaka. Sai a 1362 aka yi dokar cewa a riƙa shari'a da Ingilishi, ita kanta dokar kuma da Faransanci aka rubuta ta. Har gobe taken da ke jikin tambarin gidan sarautar Ingila da Faransanci yake.

Alamar wancan zamani tana nan a kan akushi. Saniya tana kiwo sunanta *cow*, an yanka ta ta koma *beef*, wato *bœuf*. Tunkiya *sheep* ce, namanta *mutton*, wato *mouton*. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne makiyayin Ba'ingile ne, mai cin naman Bafaranshe.

Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na kalmomin Ingilishi daga Faransanci suka fito. Don haka ɗan CM2 yana shiga ajin Ingilishi da jarin da ɗan Kano ba shi da shi. *Table*, *question*, *village*, *animal*, *important*, *nation*: rubutunsu ɗaya ne a harsunan biyu, furuci ne kawai ya bambanta.

Sai dai a nan tarkon yake. Wasu kalmomin kamar mutum ne mai fuskar ɗan'uwanka, ka gaishe shi a kasuwa da fara'a, ashe baƙo ne. *Pain* burodi ne a Faransanci, ciwo ne a Ingilishi. *Coin* kusurwa ce can, tsabar kuɗi ce nan. *Librairie* shagon sayar da littattafai ne, *library* kuwa ɗakin karatu. *Attendre* jira ne, *attend* halarta. Wadda ta fi dacewa da wannan lokaci ita ce *passer un examen*, wadda ke nufin zama a rubuta jarrabawa kawai, alhali *pass an exam* cin ta ne. Yaron da ya fito daga ɗakin jarrabawa ya ce wa kawunsa na Yola *I passed my exam today* ya yi albishir ne tun ba a duba takardarsa ba.

Shekaru ma haka. Bafaranshe yana "da" shekara goma, Bahaushe ma yana da shekara goma, shi ya sa *I have ten years* ke fitowa daga bakin yaro ba tare da wata tantama ba. Harsuna biyu suka haɗu suka ba shi shaida. Ingilishi shi kaɗai ya kafe a kan *I am ten years old*.

Inda Hausa ta fi Faransanci amfani

Wannan ita ce gaɓar da ya kamata malamai su fi riƙewa, a ganina. A Faransanci, *son* da *sa* abin da aka mallaka suke bi: *son père* babansa ne, babanta ne kuma. A Ingilishi *his* da *her* mai abin suke bi. Yaron da ya bi ta Faransanci sai ya rubuta *Amina loves his father*, don a ransa uba namiji ne. Da ta Hausa ya bi, da bai faɗa ramin ba. Hausa tana nuna duka biyun a kalma ɗaya: gidansa, gidanta, motarsa, motarta. Harafin *n* ko *r* na tsakiya yana bin abin, *sa* ko *ta* na ƙarshe yana bin mai shi. Idan mai abin mutum ne, inda Hausa ta ce *sa*, to *his* ne. Inda ta ce *ta*, *her* ne. Darasin da kan ci mako guda yana iya ƙarewa a minti biyar.

Bafulatani kuwa nasa ƙalubalen daban. Fulatanci ba ya raba mace da namiji a wakilin suna, *o* ne ga kowa, shi ya sa *he* da *she* kan cakuɗe wa yaron da ya tashi da shi. Amma yana da abin da Ingilishi da Faransanci da Hausa duk ba su da shi: "mu" iri biyu. *Min* mu ne ban da kai da ake yi wa magana, *en* mu ne har da kai.

Ingilishi na da can yana da jinsi uku, kuma rabon bai bi hankali ba, har kalmar da ta haifi *wife* ba ta cikin jinsin mata. Duk ya zubar da su tun ƙarnoni da dama. Yau ba wanda zai tambaye ka ko tebur namiji ne ko mace, aikin da ɗan ajin Faransanci ke fama da shi tun daga SIL, ajin farko.

Kai, ke, ku: duk *you* ne. Asali *you* na jam'i ne da girmamawa, kamar *vous*, ana kuma da *thou* na mutum ɗaya, kamar *tu*. Wajen ƙarni na 17 *thou* ya fita daga maganar yau da kullum. Wannan ne dalilin da ya sa ko mutum ɗaya kake wa magana sai ka ce *you are*, aikatau na jam'i ya zauna daram.

Yara kan koka da jam'in da ba ya bin ƙa'ida: *foot* da *feet*, *mouse* da *mice*, *ox* da *oxen*, *sheep* da ba ya motsawa ko kaɗan. *Children* ma jam'i ne a kan jam'i, tsofaffin ɗafa-ƙeya biyu aka jera. Amma wa ke kukan? Wanda ya san doki da dawaki, akuya da awaki, sarki da sarakuna, mace da mata, ɗa da 'ya'ya, ba tare da wani ya zaunar da shi ba. Na Fulatanci ya fi haka: rukunonin suna sun haura 20, har farkon kalma yakan sauya, *Pullo* ya zama *Fulɓe*, *debbo* ya zama *rewɓe*, *gorko* ya zama *worɓe*. Jam'in Ingilishi marar ƙa'ida da ake buƙata a firamare bai cika shafi ɗaya ba.

Harafin *s* yana da fuska biyu. A ƙarshen suna yana nuna yawa, a ƙarshen aikatau yana nuna ɗaya: *the boy runs*, amma *the boys run*. Ƙarin matsala ga ɗan Maruwa, Faransanci ya saba masa da rubuta *s* na jam'i ba tare da furta shi ba. Sai ya haɗiye shi a Ingilishi, abin da baki ya haɗiye kuwa hannu yakan manta.

Aikatau na Ingilishi mai bin ƙa'ida siffa huɗu kawai gare shi: *walk*, *walks*, *walked*, *walking*. Na Faransanci yana da gommai. Marasa bin ƙa'ida sun kai wajen 200, kuma abin haushi su ne aka fi amfani da su. *Be* shi kaɗai siffa takwas gare shi. *Went* ma aro ne: na wani tsohon aikatau ne, *wend*, *go* ya karɓe shi bai mayar ba. *Cut* da *put* da *hit* ba sa canzawa jiya ko yau. *Read* kuwa rubutu ɗaya ne, furuci biyu, na jiya yana fita daidai da kalmar ja.

*Do* na tambaya da korewa abu ne da ba kasafai ake samun irinsa a harsunan duniya ba. Bahaushe ya ɗaga murya ya ce "Ka san shi?", magana ta ƙare. Ingilishi sai ya gayyato *do*, wanda ba shi da ma'ana a wurin, kuma da ya shigo sai ya kwashe alamar lokaci da *s* ɗin duka. Shi ya sa *Did he go?* daidai ne, *Did he went?* kuskure. A zamanin Shakespeare, wajen 1600, ana iya tambaya ba tare da shi ba.

Hausa tana da "yi", Faransanci yana da *faire*, Ingilishi ya raba aikin biyu, *make* da *do*, kuma ba wata ƙa'ida mai ƙarfi da za ta cece ka: *make a mistake*, amma *do your homework*. *Depuis* ɗaya ya rabu zuwa *since* na lokacin farawa da *for* na tsawon lokaci. "Ara mini" da "na ara" tushe ɗaya ne a Hausa, daga nan *borrow me your pen* ya samo asali, alhali *lend* ake so. "Ji" kuwa ya ɗauke *hear* da *feel* da *smell* da *understand* shi kaɗai.

E ko a'a

An tambayi Bahaushe, "Ba ka ci abinci ba?" Idan bai ci ba, yakan ce "E", wato haka ne, ban ci ba. Ba'ingile a wannan hali *No* zai ce, don shi amsarsa abin da ya faru take bi, ba siffar tambayar ba. Faransanci ya ƙirƙiro kalma ta uku, *si*, don musanta tambaya mai korewa. Yaro ɗaya, tsari uku. A jarrabawa maganin shi ne a cika amsar: *No, I didn't* ko *Yes, I did*.

Wutsiyar tambaya ma haka. Hausa ta ce "ko?", Faransanci ya ce *n'est-ce pas*, a gama. Ingilishi sai an dubi aikatau da mai aikin an juya su: *isn't she*, *don't they*, *can you*. Masu shirya jarrabawa suna son wannan ƙwarai.

Korewa a Hausa ƙafa biyu gare ta, "ba … ba". A Faransanci ma *ne … pas*. Ingilishin makaranta ɗaya yake so, shi ya sa *I don't know nothing* ke jawo jan biro, sai an ce *anything*. Mawaƙi Chaucer, wanda ya rasu a 1400, yakan jera korewa biyu har uku a jimla ɗaya, ba wanda ya ɗaga masa gira. Masu rubuta nahawu na ƙarni na 18 ne suka tsaurara, cikinsu har da Robert Lowth, wanda littafinsa ya fito a 1762, daga baya kuma ya zama bishop na Landan.

*A* da *an* sauti suke bi, ba harafi ba: *an hour* don *h* ba ya fita, *a university* don da sautin *y* ta fara. Su kansu Ingilawa sun taɓa ruɗewa. *Apron* asalinta *napron* ce, *adder* kuma *nadder*. Kunne ya ji *a napron* ya ɗauka *an apron* ne, kuskuren ya zama doka.

Haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka wajen 44. Dubi *ough* a cikin *though*, *through*, *rough*, *cough*, *bought* da *bough*: furuci shida. Babban dalili shi ne William Caxton ya kafa maɗaba'ar farko ta Ingila a 1476, rubutu ya fara daskarewa a daidai lokacin da furucin wasula ke sauyawa. *K* na *knife* da *know* a da ana furta shi. *B* na *debt* da *doubt* kuwa ba a taɓa furta shi ba. Daga *dette* da *doute* na Faransanci kalmomin suka zo, wasu masu son Latin suka cusa harafin don a tuna asali. *S* na *island* ma cushe ne, bisa zaton da bai tabbata ba cewa 'yar'uwar *isle* ce.

Sunayen haruffa kansu suna da rikici ga mai harsuna biyu. Abin da Bafaranshe ke kira "ji" harafin J ne, abin da Ba'ingile ke kira "ji" harafin G ne. "I" na Faransanci shi ne sunan E a Ingilishi. A shifta, yaro kan san kalma sarai, sunan harafi ya kayar da shi.

*H* a Faransanci ba a furta shi, shi ya sa *hair* kan koma *air*, *heat* ya koma *eat*. Bahaushe yana da *h* a harshensa, amma *p* da *f* ke ba shi wuya. Fulatanci yana da su duka biyu, don haka abokin zama Bafulatani malami ne kyauta.

Ranakun mako da watanni da sunayen harsuna da babban baƙi suke farawa a Ingilishi, a Faransanci da ƙarami: *Monday* da *lundi*, *June* da *juin*, *French* da *français*. *I* ma kullum babba ne, ko a tsakiyar jimla. Faransanci yana barin fili kafin alamar tambaya da ta motsin rai da ruwa biyu, Ingilishi yana manna su. A lissafi abin ya fi haɗari: 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne ga Ba'ingile, ɗaya da rabi ne ga Bafaranshe.

Ɗan waƙafin sama a Hausa harafi ne mai sauti, kamar a sa'a da 'ya'ya. A Ingilishi alama ce ta mallaka ko ta harafin da aka cire. *It's* gajarcen *it is* ne, *its* na mallaka ba shi da komai a sama, kuma manyan Ingilawa ma suna faɗawa nan.

Wasu sunaye ba sa karɓar jam'i ko kusa: *information*, *advice*, *furniture*, *luggage*. Takwarorinsu na Faransanci duk suna karɓa. *News* yana da *s* amma tilo ne. *Police* ba shi da *s* amma *are* yake ɗauka. Wando ɗaya a Hausa da Faransanci, a Ingilishi *trousers* ne, jam'i.

Littafin nahawun Ingilishi na farko da aka rubuta da Ingilishi na William Bullokar ne, a 1586. Sibawaihi na Basra ya rubuta nasa na Larabci kusan shekara 800 kafin nan. Ajurumiyya da ake karantawa a zaurukan malamai daga Maruwa har Sakkwato, mai ita ya rasu a Fas a 1323. Almajirin da ya san isimi da fi'ili da harafi ya riga ya san ƙashin bayan rabe-raben kalmomi takwas da littafin Ingilishi ke jerawa.

Larabci ya bar sawu a Ingilishi ta hannun harsunan Turai. Audugar da kamfanin Sodecoton mai hedikwata a Garwa ke saye tun 1974, sunanta *cotton* daga *ƙuɗun* ya fito. Raƙumin dawa na gandun Waza, *giraffe*, daga *zarafa*. *Sugar* da sukari uwarsu ɗaya, haka *zero* da sifiri.

Faransanci yana da majalisar da ke kula da shi tun 1635. Ingilishi bai taɓa samun irinta ba, ƙamusoshi da al'ada ne ke yanke hukunci. Samuel Johnson ya fitar da nasa a Landan a 1755, Noah Webster ya fitar da na Amurka a 1828 ya yaɗa rubutu irin *color* da *center*. Makarantun Kamaru rubutun Ingila suke bi, *colour* da *centre*. Ɗalibin da wayar gidansu ta saba masa da na Amurka, ranar jarrabawa ya tuna ya mayar da *u* ɗin wurinsa.